Tafiyar hunturu da kekuna zuwa Yusufari: ina za a hau, me za a ɗauka?

Auwal Malali: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu shida ne muke shirin fita a hutun ƙarshen Disamba, daga nan Kaduna zuwa arewacin Yobe, wajen Yusufari, mu yi kwana uku muna hawan keke a hamada sannan mu juyo. Motoci biyu, Hilux da Sienna. Kekunan duk na hawan dutse ne, huɗu masu taya inci 29, biyu masu inci 27.5, faɗin tayar daga inci 2.25 zuwa 2.4. Masana harkar ku taimaka mana da shawara kan hanya, taya, ruwa, da abin da ke lalacewa a irin wannan ƙasa.

Sadiq Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Kai Yaya Auwal, wannan ita ce tafiya! Haka Turawa ke yi a Amurka, da dusar ƙanƙara ta rufe garuruwansu sai su loda kekuna su gangara Arizona ko kudancin Utah. Ku samo tudun yashi mafi tsayi ku gangaro a guje, mu dai hotuna muke jira.

Injiniya Bala: Sadiq ƙanena, a nan ne mutane ke ruɗewa. Abin da kake gani a bidiyon can ba rairayi suke takawa ba. Hanyar Slickrock da ke Moab a Utah, wadda tsawonta ya kai kilomita 17, dutse ne zalla, yashin da ya daskare ya zama fa, taya na kama shi sosai. Masu babur ne ma suka fara shata ta a 1969. Ta wajen Phoenix da Tucson a Arizona kuwa tsakuwa ce da ƙasa mai tauri a tsakanin ƙayoyi. Hamada ce, gaskiya, amma ƙasar da ke ƙarƙashin taya ba ta nutsewa. Yusufari kuwa tudun rairayi ne na gaske. Taya mai faɗin 2.3 in ta shiga sakakken rairayi, gaban keken zai nutse, ka sauka kana turawa. Saboda haka Auwal, tambayar farko ita ce a ina fako yake, a ina burtali da hanyar amalanke suke, ku tsara hawanku a kansu. Tudun yashi a je masa da ƙafa a sha kallo.

Bukar Gashuwa: Injiniya ya faɗi gaskiya. Ƙasar can hawa uku ce. Akwai tudu, wanda rairayinsa sakakke ne. Akwai kwari a tsakanin tuddai inda dausayi yake, da dabino da goruba da kanwa, irin su Tulo-Tulowa da Bulatura. Sannan akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ɗan tauri da ciyawa ta riƙe, ita ce dabbobi da amalanke ke bi. Keke na tafiya a ta ukun da gefen kwari. Ko a nan ma za ku riƙa cin karo da gurbin rairayi na mita hamsin ko ɗari. Kuma ku sani Bulatura na cikin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, ba a faɗa masa haka kawai, sai an nemi izinin jami'an gandun.

Sadiq Unguwar Rimi: To in dutse ake so me zai hana a wuce Agadas gaba ɗaya? Duwatsun Azbin ai sun fi ko'ina.

Musa Direba Kawo: Da muguwar rawa gara ƙin tashi, Sadiq. Daga Damagaram zuwa Agadas kaɗai ya haura kilomita 400, ga takardun shiga da mota wata ƙasa, ga yanayin tsaro da siyasa tun juyin mulkin Yulin 2023. Ba tafiyar hutun sati ɗaya ba ce. A bar ta.

Maganar hanya, Alhaji Auwal. Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne. Daga Kano hanya biyu ce zuwa Gashuwa: ta Haɗeja da Nguru, ko ta Azare da Potiskum a ɓullo ta Jakusko. Kada ku yanke wacce za ku bi daga nan, ku tambayi direbobin tasha a Kano ana gobe tafiya, su suka san wacce ta fashe a wannan watan. Ku tashi bayan sallar asuba, ku kwana Gashuwa. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a can kafin ƙarfe shida, kuma ba hanyar da ake bi da dare ba ce. In hazo ya sauka a kunna ƙaramar fitila, babbar fitila haskenta dawo maka ido yake yi.

Sienna kuwa iyakarta inda kwalta ta ƙare. Cikinta a ƙasa yake, yawancinsu tayoyin gaba ne ke ja. Ku ajiye ta a gari, Hilux ta yi jigila.

Auwal Malali: Hilux ɗin ma ai ana cewa tana kafewa.

Musa Direba Kawo: Tana kafewa mana in an shiga da iskar kwalta. Kafin a taka rairayi a rage iskar tayoyi huɗun zuwa 18 ko 20 a ma'aunin iska na psi, a sa ta a giyar ja huɗu tun kafin a shiga, ba sai ta fara tona ba. Da ka ji tana tona ka ɗaga ƙafa, ƙarin wuta binne ta yake yi har ciki ya zauna. A haƙe gaban taya da shebur, a shimfiɗa katako ko kaba, a fito da baya ta sawun da aka shigo. Ku riƙe shebur biyu, igiyar ja, faffaɗan katako na ɗora jak, da famfon mota mai aiki da batir don mayar da iska in an fito kwalta. Tafiya a kwalta da iska 18 tana dafa taya har ta fashe. Mai kuma ku lissafa ninkin abin da take sha a titi, ku cika tanki da jarka biyu a Gashuwa.

Baba Garba Panteka: Ku bar maganar mota ku dawo kan ƙaya, ita ce za ta tsayar da ku kafin rairayi. Tsidau a ƙasa, ƙarangiya a ciyawa, ga ƙayar aduwa da bagaruwa da makiyaya ke sassaro wa awaki su bar rassan a hanya. Mai tub a wannan ƙasa faci zai wuni yi. Duk kekunan shida a mayar da su tubles, wato taya mara tub da ake zuba wa ruwan liƙi yana toshe hudar ƙaya.

Injiniya Bala: Haka ne Baba. Bari in jera yadda ake yi, don wasu na zuba ruwan kawai su ce bai yi ba. Da farko a duba ko taya da wili an rubuta musu suna ɗaukar tubles. A goge cikin wilin da sifirit, a naɗa tef ɗin tubles wanda faɗinsa ya ɗara cikin wilin da milimita 2 ko 3, a ja shi da ƙarfi, ƙarshensa ya hau farkonsa kamar santimita 10. A huda wurin bawul da tsinke, ba da wuƙa ba. A ɗora taya, a shafa ruwan sabulu a bakinta, a cire zuciyar bawul, a ba ta iska da ƙarfi har a ji ta yi ƙas sau biyu. Kada a wuce 40, musamman a injin mai faci. Sai a sace iskar, a ɗura ruwan liƙi ta bawul, mililita 100 zuwa 120 a taya 29, kamar 90 a 27.5. A mayar da zuciyar bawul, a hura, a jujjuya wilin ta kowane gefe.

A yi wannan aƙalla sati ɗaya kafin tafiya, a riƙa hawa. Wadda za ta yi yoyo ta nuna kanta a Kaduna. Wanda kuma tayarsa ta daɗe da zama tubles ya buɗe ya duba, busasshiyar iskar hunturu tana ƙafar da ruwan cikin wata biyu ko uku, sai ka tarar da dunƙulen roba kawai.

Sadiq Unguwar Rimi: In ƙaya ta shiga a cire ta ko a bari?

Injiniya Bala: Ƙarama a bar ta, ita ce toshiyar kanta. Babba a cire, a juya ramin ya kalli ƙasa ruwan ya taru a wurin. In ya ƙi tsayawa a cusa masa igiyar faci ta tubles. In gefen taya ne ya yage, sai tub.

Baba Garba Panteka: To a nan ake yin asara. Tayar da ta yi kwana biyu a daji akwai ƙaya fiye da goma a jikinta da ba ka sani ba, ruwan ya rufe su. Ka sa sabon tub a ciki, kafin ka yi taku ashirin ya sace. Sai an bi cikin tayar da auduga ko tsumma a hankali, duk inda ya maƙale akwai ƙaya, a zare da hantsaki. Yagewar kuma a yi mata ƙyalle daga ciki da guntun tsohuwar taya, in ba haka ba tub zai leƙo ya fashe.

Abu biyu kuma. Bawul ɗinku siriri ne, famfon mai faci na ƙauye bakin bawul ɗin babur gare shi, ku sayi 'yar mahaɗar nan ta tagulla kowa ya jefa a aljihu. Na biyu, babu taya 29 a kasuwar ƙauye. Za a nuna muku ta keken Phoenix a ce 28 ce za ta shiga. Ba ta shiga. Bakinta milimita 635 ne, wilinku 622, ta yi masa yawa. Ku tafi da taya ɗaya 29, ɗaya 27.5, da tub bibbiyu kowane mutum.

Auwal Malali: Allah ya ƙara girma Baba. Iska nawa za mu sa?

Injiniya Bala: Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 75 da taya 2.4: a fako, gaba 21 baya 24. In rairayi ya yawaita a sauko gaba 16 baya 18. Ƙasa da 15 tayar na iya ɓallewa daga bakin wili a kwana ta fesar da iska. Mai jiki ya ƙara 2 ko 3. Da ma'auni ake yi, matsawa da yatsa ba ta bambance 16 da 22.

Shiga gurbin rairayi kuma, a sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin a isa, a ja jiki baya kan sirdi don gaba ya yi sauƙi, a riƙa juya feda ba tsayawa, a sassauta riƙon kan keke ya ɗan yi wasa. Kada a karya kwana da ƙarfi, kada a taɓa birkin gaba. Ido a can inda za a fita.

Nura Barnawa: Ni ban yarda da wannan wahalar ba. Keke mai ƙatuwar taya, inci 4, an yi shi ne don rairayi da dusar ƙanƙara. Iska 6 zuwa 8 kawai, ya bi ta kan yashi. Me ya sa ba za su nemi irinsa ba?

Injiniya Bala: Yana yi, Malam Nura, ba musu. Amma kekuna shida za su saya saboda kwana uku? Kuma yawancin masu ƙatuwar tayar da ke kasuwarmu na kwalliya ne, ƙarfe mai nauyin kilo ashirin, giya bakwai, wilin da ba ya ɗaukar tubles. Tub mai faɗin inci 4 a cikin tsidau, ka san sauran. Ko na ƙwarai ma ba ya hawa gefen tudu mai zubowa.

Nura Barnawa: To ko ɗaya su ara su riƙa karɓa-karɓa a kan tudun. A je har Yusufari a dawo ba a taka yashi da keke ba, ai da sake.

Bukar Gashuwa: In sun samu, su gwada da sassafe kuma ta fuskar da iska ke bugawa, wato arewa maso gabas a wannan lokacin. Nan rairayin ya fi dannuwa. Ɗaya fuskar sakakkiya ce, ƙafa ma nutsewa take. Iskar kuma a yi amfani da ita wajen tsara hanya: a fita ana fuskantarta da safe da sauran ƙarfi, a dawo tana turo ku. Wanda ya yi akasin haka zai gane kurensa da azahar. Kada ku ɗauko lissafin titin Kaduna. A can kilomita 7 ko 8 a awa ma an yi ƙoƙari, 25 zuwa 30 a yini ya isa.

Baba Garba Panteka: Sarƙa. Don Allah kada wanda ya ɗiga mata baƙin mai. Mai da ƙura in sun haɗu sanfefa suke zama, su cinye sarƙa da haƙoran giya tare. A wanke ta da kananzir, a ɗauraye da sifirit, ta bushe, a sa man sarƙa busasshe mai kakin nan tun da dare, da safe a goge na waje. Kowace yamma a bi ta da busasshen buroshi a sake ɗigawa.

Nura Barnawa: Dafa ta a narkakken kaki ya fi, Baba. Minti goma sha biyar a ciki, a rataye ta huce. Tana kai kilomita 200 ba a ƙara komai ba, tafiyarsu duka ba za ta kai haka ba.

Baba Garba Panteka: Ya fi ga wanda ya wanke ta tas. In da ɗigon mai a ciki kakin ba zai kama ba, zai zube a rana ɗaya. Wanda bai saba ba ya tsaya a na kwalba.

Injiniya Bala: Ko wanne aka zaɓa a fara auna sarƙar. Mai giya 11 ko 12 in ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari a canza, mai 9 ko 10 zuwa 0.75. Kowa ya riƙe mahaɗin sarƙa na adadin giyarsa, na 10 ba ya yi wa 12. Sai ɗan ƙarfen nan da ke riƙe da mai canza giya a jikin firam, shi ne ke fara lanƙwashewa in keke ya faɗi ta dama, kuma kowane keke da irin nasa. A nemo tun yanzu, ba a samunsa ko a Kano cikin gaggawa.

Wajen lodi: in an cire wilin gaba a cusa robar da ke raba takalman birki, ko kwali mai kauri. In wani ya matsa birki babu faifai a tsakani, takalman za su haɗe. Kekunan da ke bayan Hilux a sa bargo tsakaninsu, feda na cin fentin maƙwabci har ta karya sifok. Kada a ɗora jarkar mai kusa da faifan birki, ɗigo ɗaya ya lalata takalmin. Kuma birkin Shimano man ma'adini yake sha, wanda ya zuba masa man birkin mota ya kashe robobin ciki. Ƙafafun shokazoba a riƙa goge su da tsumma mai laushi duk tsayawa. In an dawo kada a kai keke wurin wankin mota mai feshi da ƙarfi, yana tura ƙura cikin boris.

Bukar Gashuwa: Ƙari a kan wannan, gefen tafkin dausayi akwai kanwa. Saman ya yi fari kamar ya bushe, ƙasan taɓo ne. In ta taɓa keke a wanke a ranar, tana cin ƙarfe da alminiyom.

Likita Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. An gama da kekuna, saura masu hawa. Haɗarin hunturu shi ne gumi na bushewa kafin a gan shi, sanyin iska kuma na ɓoye ƙishi, sai mutum ya bushe bai sani ba. A sha kamar rabin lita zuwa lita ɗaya duk awa ana hawa, da kaɗan-kaɗan, ba sai an ji ƙishi ba. Ma'auni shi ne fitsari: in ya yi ja ko an wuni ba a yi ba, an makara. Lissafin mutum ɗaya a yini lita 10, sha da girki da alwala. Ku shida lita 60, kwana uku 180, wato jarka takwas masu lita 25 da ɗan rara. Nauyin kilo 200 ke nan, Malam Musa sai a sa shi a lissafin lodi. Ruwan kwari mai kanwa yana sa gudawa ga wanda bai saba ba, na rijiya ma a tafasa.

Ruwa zalla ba ya isa. A riƙe fakitin ORS, ko a haɗa: lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin ci a aljihu dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi kaɗan don yana ƙara ƙishi.

Da asuba sanyi na iya sauka kusa da digiri 10, da rana ya haura 30, don haka riguna marasa kauri biyu ko uku da za a riƙa cirewa sun fi ƙatuwar rigar sanyi ɗaya. Hular kwano dole. Tabarau mai rufe gefe, rawani ko takunkumi saboda ƙura, man kaɗanya a leɓe da cikin hanci saboda haɓo. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a jikinsa, ba a mota ba. Lokacin sanƙarau ne kuma, wanda bai yi rigakafi ba ya yi aƙalla kwana goma kafin tafiya.

Sadiq Unguwar Rimi: Macizai fa, Anti Likita?

Likita Hadiza: Sanyi na rage yawonsu amma bai kore su ba. Kububuwa da kunama na neman ɗumi, a zazzage takalmi da safe, kada a ɗebi itace da dare ba fitila. In an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba. A cire zobe da agogo, a kafe gaɓar da itace kamar karaya, a ɗauki mutumin a mota zuwa asibiti. Akwai babbar cibiyar lafiya ta tarayya a Nguru. Ku kira ku tabbatar da inda ake da maganin dafi kafin ku shiga daji. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, farasitamol kawai.

Bukar Gashuwa: Abu mafi muhimmanci a wurina, kada ku shiga ba a san da ku ba. Yanki ne na kan iyaka da Nijar. Ku fara da ofishin 'yan sanda, ku gaida hakimi, ya haɗa ku da lawani ko bulaman inda za ku, su ba ku ɗan jagora da ya san ƙasa kuma yake jin Manganci. Abin da suka ce kada a je, kada a je. Halin tsaro ku tambaya a satin tafiyar, labarin bara ba ya aiki. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ku bar shi a gida, a shingen sojoji zai jawo muku dogon bayani. Kowa da katin shaidarsa da rasitin kekensa. Matsattsen wandon keke a ɗora masa dogon wando kafin a shiga gari, kuma ba a ɗaukar hoton mata a bakin rijiya. In kun haɗu da ayarin raƙuma ku sauka ku ba su hanya, suna firgita da abin da ya zo shiru da gudu.

Injiniya Bala: Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a kwari. A sauke taswirar yankin a manhajar waya ta OsmAnd tun daga gida, a sa alamar inda mota take, waya biyu aƙalla su riƙa nadar sawu. In hazo ya yi kauri tuddan duk iri ɗaya suke. A yanke lokacin juyowa, misali ƙarfe ɗaya, ko an kai ko ba a kai ba.

Auwal Malali: Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Asabar mai zuwa za mu kai kekunan Zariya mu gwada tubles ɗin a gindin Kufena da lodin da za mu ɗauka. Malam Musa, da jarka takwas na ruwa da biyu na mai, kekuna shida za su shiga bayan Hilux kuwa?

Musa Direba Kawo: Ba za su shiga ba. Daga nan zuwa Gashuwa uku a Hilux, uku a Sienna an kwantar da kujerun baya, jarkokin ruwa a tafi da su babu komai a cika a can. Daga inda kwalta ta ƙare Hilux ta yi sawu biyu, ruwa da mai a sawun farko, a jera su gaba kusa da kan mota.